Laburare, Ɗakin Karatu, Maktaba: Abin da Bahaushe Ke Nufi Idan Ya Ambaci Gidan Littafi

Tsakure

Wannan takarda ta bi sawun kalmar laburare da 'yan'uwanta, wato ɗakin karatu da maktaba da taska, a bakin masu jin Hausa na Nijeriya da Nijar. Ta duba inda kowacce ta samo asali, da abin da ɗalibi da malamin zaure da ɗan kasuwa da ma'aikacin rediyo da mai rubuta manhaja ke nufi idan sun furta ta. Matsayin takardar shi ne, sunan da ya fi yaɗuwa ya karkatar da hankalin jama'a da na hukuma zuwa ga gini, alhali abubuwan da ke sa wuri ya cancanci sunan su ne littattafan da aka tsara, da mai kula da su, da damar aro.

Gabatarwa

Duk mai sauraron labarai da Hausa ya saba jin cewa gwamnatin wata jiha ta gina "ɗakunan karatu" a wata ƙaramar hukuma. Wani zai ɗauka an samar wa jama'a wuraren da za su je su ɗauki littafi. Mafi yawan lokuta kuwa azuzuwa ake nufi, masu benci da baƙin allo. Mai fassara a ɗakin labarai yana amfani da suna ɗaya ga ajin firamare da kuma babban ginin da ke ɗauke da dubban littattafai a jami'a, mai sauraro ne aka bar wa aikin rarrabewa.

Ruɗanin yana da tushe a cikin harshen kansa. Hausa na da hanyar ƙirar sunan wuri, inda ake sa ma- a farkon aikatau: wurin rini marina, wurin jima majema, wurin aiki ma'aikata. Da za a bi wannan ƙa'ida, wurin karanta littafi makaranta ne. To amma makarantar allo da ta ilimi sun riƙe wannan suna ɗaruruwan shekaru kafin Bature ya zo da nasa tsarin. Ga shi kuma kalmar karatu tana da faɗi ƙwarai. Tilawar Alƙur'ani karatu ce, neman digiri karatu ne, duba jarida ma karatu ne. Saboda haka da aka buƙaci suna ga sabon wurin, dole aka yi aro ko aka haɗa kalmomi, kuma kowace hanya ta zo da nata kaya.

Daga ɓawon itace zuwa bakin Bahaushe

Laburare ararriyar kalma ce daga library ta Turanci, kuma Hausa ta sassaƙe ta yadda ta saba. Baƙaƙe biyu da suka haɗu an raba su da wasali, kamar yadda aka yi a burodi da buroshi, ƙarshenta kuma ya bi sahun firamare da sakandare da sakatare. Ita ma ta Turancin aro ce. Tushenta liber na Latin, wanda da farko yake nufin ɓawon cikin itace da ake rubutu a kai, daga baya ya zama sunan littafi. Ta shiga Turanci ta hanyar tsohon Faransanci a ƙarni na 14.

Abin sha'awa shi ne yadda hanya ta rabu bayan nan. A ƙarni na 16 marubucin Faransa Montaigne yana kiran ɗakin littattafansa librairie. Yau kuwa duk wanda ya nemi librairie a Faransa, kantin sayar da littattafai za a nuna masa. Wurin aro ya koma bibliothèque, kalmar da ta fito daga Girkanci mai ma'anar ma'ajiyar littafi.

Wannan rabuwa ta Turai ta sauka daidai kan iyakar da ta tsaga ƙasar Hausa. Ɗan Maraɗi ko Damagaram da ya yi lakwal, wato makarantar boko ta Faransanci, idan ya ji baƙonsa na Katsina yana tambayar laburare, kunnensa na iya kai shi ga shagon da ake sayar da littattafan makaranta da alƙaluma, domin a wurinsa wannan amon na kanti ne. Wurin da baƙon ke nema shi bibliyotek ya san shi, kamar wanda ke Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Mutane biyu masu harshen uwa ɗaya, tafiyar 'yan sa'o'i tsakaninsu, amma a kan wannan kalma kowa na magana da bakin wanda ya mulke shi.

Larabci kuma ya haɗa ma'anonin biyu a kalma ɗaya. Maktaba wurin ajiye littattafai ce, kuma kantin sayar da su ce. Mai yawo a layin masu littattafai na Kasuwar Kurmi a Kano zai ga allunan shaguna ɗauke da wannan suna, cike da bugun Alƙahira da Bairut, ba kuwa aro ake bayarwa a can ba. Amma idan ɗalibin ilimi ya ce malaminsa na da babbar maktaba, kantocin gidan malam yake nufi. Tun tsakiyar shekarun 2000 ma kalmar ta ƙara samun ma'ana ta uku a bakin ɗaliban addini, bayan fitowar manhajar Maktaba Shamila mai ɗauke da dubban littattafan Larabci da ake bincika cikin ƙiftawar ido.

Littattafai kafin a gina musu ɗaki

Ƙasar Hausa ta san tarin littafi tun kafin ta san ɗayan waɗannan sunaye na boko. Malami yana ajiye littattafansa a zaure ko a turaka, cikin adaka ko buhun fata, kowane littafi an matse shi tsakanin tadarishi an zura shi a gafaka. Ba a ɗinke warƙoƙin, a sake ake barin su, kuma wannan ya sauƙaƙa wani irin aro da ba ya buƙatar kati ko hatimi: almajirai uku ko huɗu na iya raba littafi guda, kowa ya tafi da kashinsa ya kwafa, sannan a mayar. Takardar da aka fi amfani da ita a ƙarni na 19 daga Italiya take zuwa ta hanyar Tarabulus, mai tambarin jinjirin wata uku, kuma tsadarta ta sa littafi ya zama dukiyar da ake lissafawa a rabon gado.

Shaidu kan girman irin waɗannan taskoki suna nan. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, a littafinsa Ida'un Nusukh, ya jero malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta, na nahawu da fiƙihu da tafsiri da adabi, wanda ke nuna abin da ake iya samu a hannun malaman Gobir da Zamfara a ƙarshen ƙarni na 18. Sa'ad da Bature Hugh Clapperton ya koma Sakkwato a tafiyarsa ta biyu, tsakanin 1826 da 1827, cikin kyautar da ya kai wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello har da littafin lissafi na Iƙlidis cikin Larabci. Clapperton ya rubuta cewa Bello ya gaya masa gidansu sun taɓa mallakar kwafin wannan littafi da wani ɗan'uwa ya kawo daga Makka, gobara ce ta cinye shi.

Kusa da zamaninmu akwai Malam Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwa na Kano, wanda ya rasu a 1962. Rubuce-rubucen hannu da ya bari sun haura 3,000, kuma yanzu suna Jami'ar Northwestern a Amurka, an ba kowanne lamba, masu bincike daga ko'ina suna neman su da sunansa. Lokacin da suke gidansa a Kano "littattafan malam" kawai ake ce musu. A Nijar kuwa masanin tarihi Boubou Hama ne ya tattara irin waɗannan rubuce-rubuce na Larabci da ajami, suka zama tushen sashen da ke cibiyar binciken IRSH a Yamai. A Nijeriya ana samun makamantansu a Gidan Arewa na Kaduna, wanda aka kafa a 1970, da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato.

Kalmar Hausa da ta fi dacewa da wannan gado ita ce taska, wurin da ake ajiye abu mai daraja. Larabawan Maroko ma da khizana suke kiran tsofaffin ma'adanan littattafansu, ma'anar kusan ɗaya. Taskar malam tana da littattafai, tana da mai kula wanda ya san inda kowanne yake, tana da aro. Rauninta shi ne ta dogara da ran mutum guda. Idan ya rasu magada su raba, wani kashin ya faɗa hannun wanda bai iya karanta shi ba, gara da ruwan damina su ƙarasa sauran.

Yadda ɗaki ya rinjayi littafi

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe ɗakuna a garuruwan Arewa domin jama'a su riƙa samun labarin yaƙi daga bakinta, kuma hukumomin En'e ne suka ci gaba da riƙe su. Ana ajiye jaridu, ciki har da Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939, da 'yan ƙasidu da littattafai kaɗan. Mutum ya shiga ya zauna ya karanta ya fita. A ganin wannan takarda, a nan ne sunan ɗakin karatu ya kafu, kuma ya dace da wurin da aka sa wa sunan a lokacin, domin ɗaki ne na zama a karanta.

Tsarin ya bunƙasa daga baya. An kafa laburaren Jihar Arewa a Kaduna a 1952. A 1953 hukumar UNESCO ta yi taro a Ibadan kan bunƙasa laburaren jama'a a Afirka. A 1963 wani masani daga Ostireliya, F. A. Sharr, ya rubuta rahoto kan buƙatun Arewa a wannan fanni, a 1968 kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashen horar da ma'aikatan laburare. An samu ƙwararru da suka san tsara littattafai bisa lambobin Dewey, da rubuta katin kowane littafi, da bin sawun wanda ya ara. Sunan dai bai canza ba, kuma hoton da ya zana a zukatan mutane shi ma bai canza ba.

A saurari ɗaliban jami'a a makon jarrabawa. Idan ɗaliba ta ce wa ƙawarta "ina laburare tun safe", ba lalle ba ne ta taɓa ko littafi ɗaya daga kan kanta. Da takardun da malami ya raba ta shiga, da littafin rubutunta, da waya da cajarta. Abin da ya kai ta shi ne shiru, da kujera, da fanka, da wutar da ba ta cika ɗaukewa ba. A Laburaren Kashim Ibrahim na Zariya ko na Murtala Muhammad a Kano, kujeru kan cika a irin wannan lokaci. Wannan buƙata ce ta gaskiya, kuma babu laifi ga yaron da gidansu ke cike da hayaniya ya nemi inda zai natsu. Damuwar ita ce idan wannan ya zama dukan ma'anar kalmar, to hukuma za ta ga ta sauke nauyi da zarar ta yi gini ta zuba kujeru. Ana yanka kintinkiri a ɗauki hoto, amma kuɗin sayen sababbin littattafai kowace shekara da albashin ƙwararren ma'aikaci, waɗanda ba sa fitowa a hoto, su ne kan fara faɗuwa daga kasafi. Ko a 'yan shekarun nan da aka shiga yayin laburaren intanet, sau da yawa abin da ake nunawa ɗaki ne mai jerin kwamfutoci, ba a cika tambayar waɗanne mujallu aka biya wa kuɗin shiga ba.

Shagon haya, laburaren da ba a ba shi sunan ba

Daga tsakiyar shekarun 1980 Kano ta ga ambaliyar ƙagaggun labarai da marubuta ke bugawa da kuɗinsu. Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Ahmed Funtuwa na cikin sunayen da suka shiga kusan kowane gida. Littafi kan fito kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, kuma ba kowace mai karatu ce ke da kuɗin sayen duka ba. Sai shagunan haya suka ɓullo a unguwanni. Mai shago yana da babban littafin rajista, yana rubuta sunan mai karɓa da ranar dawowa, yana ɗinke bangon da ya yage, ya san wace ce ta karanta kashi na biyu tana jiran na uku. Matar aure da ba ta fita sai ta aiki yaro da 'yan kuɗi da sunan littafi, kafin ya dawo hannun mai shi kuma ya zaga ɗakuna uku ko huɗu na gidan.

Idan aka auna da ma'aunin masana, wannan shago ya cika kusan dukan sharuɗɗa. Akwai tarin littattafai da ake sabuntawa, akwai tsari, akwai mai kula da ya san abin da masu karatunsa ke so, akwai aro da mayarwa. Turawan Ingila ba su yi shakkar kiran irinsa laburare ba. Kamfanin Mudie ya fara ba da hayar littattafai a Landan a 1842, shekaru takwas kafin dokar 1850 da ta ba garuruwa damar kafa laburaren jama'a da kuɗin haraji, kantunan magani na Boots ma sun yi wannan sana'a har zuwa 1966. A ƙasar Hausa kuwa "mai haya" aka ce masa, aka sa shi layi ɗaya da mai hayar keke da mai hayar kaset. Mai wannan takarda na ganin an tauye wa waɗannan mutane haƙƙi, domin su ne suka kai littafin Hausa ɗakunan matan da ba su taɓa taka ƙofar ginin gwamnati ba, kuma da yawa cikin marubuta mata na yau a hannunsu suka koyi son karatu.

Yanzu wayar hannu ta karɓe kasuwar. Labaran sun koma WhatsApp da Wattpad, wasu ana karanta su da murya a YouTube, mai karatu ta biya ta banki a sa ta cikin rukuni.

Inda kalmar ta bar littafi gaba ɗaya

A gidan rediyo, laburare ɗakin faya-fayai ne. Tun da aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, a irin wannan ɗaki ake ajiye muryoyin Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos, da tafsirin azumi, da wasannin kwaikwayo. Mai gabatar da shiri kan ce "a duba mana laburare", kuma babu wanda ke zaton littafi yake nema. Ga al'ummar da yawancin adabinta na baka ne, wannan ɗaki na iya fin ginin jami'a muhimmanci, ga shi kuma zaren kaset yana lalacewa da zafi da ƙura idan ba a juya shi zuwa na'urar zamani ba. Marubucin Mali Amadou Hampâté Bâ ya ja hankalin taron UNESCO kan irin wannan hatsari, inda ya kwatanta mutuwar dattijo mai riƙe da tarihi da ƙonewar laburare. Bahaushe kan kira irin wannan dattijo rumbun ilimi, kuma da wannan kalma ta rumbu ake cewa rumbun adana bayanai na kwamfuta.

Masu rubuta manhaja su ma suna da tasu. A Jami'ar Kambirij, wajen 1950, masu aiki da kwamfutar EDSAC sun riƙa ajiye gajerun umarnin da aka riga aka gwada, a huje jikin zaren takarda, cikin durowa, kowanne da lambarsa. Mai buƙatar lissafin da wani ya riga ya warware sai ya ɗauko ya kwafa cikin nasa aikin. Sun kira durowar laburare, kuma sunan ya zauna har yau: matashin da ke koyon Python a Kano ko Yamai yana sauko da laburare daga intanet kusan kullum. Haka nan jerin waƙoƙi da hotuna da ke cikin waya. A duk waɗannan babu ɗaki, babu kujera, babu shiru. Kalmar ta yar da ginin ta riƙe tsarin da aron, wato ta bi akasin hanyar da ta bi a bakin ɗalibin da ke shirin jarrabawa.

Akwai kuma laburaren shugabanni, al'adar da Franklin Roosevelt ya fara a Amurka da nasa da aka buɗe a 1941, Olusegun Obasanjo ya kawo ta Abeokuta a 2017. Waɗannan sun fi kusa da gidan tarihi da ma'adanar takardun mulki.

Abin da doka ta ce, da abin da ɗakin labarai zai iya yi

Ma'ana ta ƙarshe ita ce ta doka. An kafa Laburaren Ƙasa na Nijeriya a 1964, kuma dokar 1970 ta wajabta wa duk mai buga littafi ya ajiye kwafi a can: uku ga mai zaman kansa, 10 ga gwamnatin jiha, 25 ga gwamnatin tarayya. A wannan ma'ana laburare shi ne ƙwaƙwalwar ƙasa, inda ya kamata jikan marubuci ya tarar da aikin kakansa bayan shekara 100. Dubban littattafan Hausa na zamanin shagon haya sun fito ba tare da lambar ISBN ba, da yawansu kuma ba su taɓa isa wannan ma'adana ba. Mai binciken da ke neman su yau sai ya bi tsofaffin masu haya da akwatunan mata, ko ya roƙi malaman jami'a da suka tara nasu da kuɗin aljihu. Babban ginin hedikwatar hukumar a Abuja kuwa, wanda aka ba da kwangilarsa a 2006, ya haura shekara 15 ba a kammala shi ba, kuma duk lokacin da aka tayar da maganar Laburaren Ƙasa a jarida, kan wannan gini ake yin ta.

Gyaran da ke hannun masu harshe ba shi da tsada. Mai fassara a gidan rediyo ko jarida ya ce aji ko azuzuwa idan aji ake nufi, ya daina sa musu ɗakin karatu. A bar ɗakin karatu ga zauren da ake zama a yi nazari, ko da littafi a ciki ko babu. Laburare kuma a keɓe shi ga wurin da ke da tarin da aka tsara, da ma'aikaci, da rajistar aro, taska ta ci gaba da ɗaukar rubuce-rubucen hannu da faya-fayan da ake adanawa don gobe. Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, wadda ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, da sassan koyar da harsuna na jami'o'in Zariya da Sakkwato da Yamai, su ne suka fi cancanta su zauna da editocin ɗakunan labarai na ƙasashen biyu su daidaita wannan rabe-rabe, tare da kawo masu sayar da littattafai na Kurmi da tsofaffin masu haya teburin, tunda su ma kalmar ta shafe su.